Daga Tagar Croydon: Ranar da Ta Ƙi Komawa Gida

 Yau ba zancen aure zan yi ba, ba kuma na ƙwallo ba, saboda haka waɗanda suka wasa wuƙa tun fitowar da ta wuce su mayar da ita kube. Labarin wata kunya da na sha a falon gidanmu zan ba ku, don na san da yawanku irinta na nan tana jiran ku.

A watan Yunin 2024 kakata ta wajen uwa ta zo mana daga Kano, zuwanta Ingila na farko ke nan. Mun ɗauko ta daga Heathrow da rana, aka ci abinci, aka yi ta hira. Can wajen ƙarfe bakwai saura na ga Hajiya ta yi alwala ta shimfiɗa darduma tana jiran magariba. Bakwai da rabi, shiru. Takwas, yara suna ta buga ƙwallo a titi, rana tana nan daram a kan rufin maƙwabta. Tara saura kwata ta ɗaga labule ta leƙa, ta saki, ta ce, "Wai ita ranar garin nan ba ta da gida ne?" Ba ta faɗi ba sai tara da minti ashirin. Washegari kuma kafin ƙarfe biyar ta sake fitowa.

Nan ne fa Hajiya ta juyo kaina. "Maigida, kai ne aka ce kana jami'a. Rana dai ɗaya Allah Ya yi. Me ya sa tamu ta Kano take komawa da wuri, taku take yawon dare?"

Wallahi na san amsar. Tun ina firamare a Thornton Heath aka koya mana, na rubuta a jarrabawa, na ci. Amma da Turanci na san ta. Da na buɗe baki zan faɗa da Hausa, abin da ya fito shi ne, "Ai Hajiya, duniyar ce... ta ɗan... ta yi haka," ina karkata hannu kamar mai kiran tasi. Ƙanwata ta fashe da dariya. Hajiya ta dubi mahaifiyata ta ce, "To, kuɗin makaranta dai sun tafi."

Wasa take, irin na kaka da jika. Amma abin ya tsaya mini a rai. Mu da aka haifa a nan, kanmu kamar gida ne mai ɗaki biyu babu ƙofa a tsakani. Ɗaki ɗaya na Hausa ne, a ciki akwai gaisuwa da abinci da faɗan iyaye da addu'a. Ɗayan na Turanci, a can aka jibge duk abin da ya shafi taurari da iska da lissafi. Har mun saba da tunanin cewa Hausa ba ta iya ɗaukar irin wannan magana. Ni dai na ce sai na gwada.

Bayan kwana biyu na sayo lemo a kasuwar Surrey Street, na samo tsinken tsire a kicin, na soke lemon daga sama har ƙasa. Na rufe labule, na kunna tocilar waya na ba ƙanwata ta riƙe a tsakiyar ɗaki. Na ce, "Hajiya, wannan tocilar ita ce rana. Lemon nan shi ne duniya. A kan tsinken nan take juyawa, sau ɗaya a yini da kwana, shi ke kawo dare da rana. Sannan tana zagaya tocilar sau ɗaya a shekara."

"Wannan na taɓa ji a rediyo," in ji ta. "Ci gaba."

Abin da ya rage shi ne tsinken ba a miƙe yake ba. A karkace yake, kimanin digiri 23 da rabi, kuma duk inda duniya ta je a zagayenta, gefe guda yake nunawa, ba ya canzawa. Saboda haka rabin shekara kan lemon yana sunkuyawa wajen tocila, ɗaya rabin kuma yana kauda kai. Na ɗauki biro na ɗiga Kano kusa da cikin lemon, inda ya fi faɗi, don Kano digiri 12 kawai take arewa da layin da ya raba duniya biyu. Croydon kuwa na ɗiga ta can sama, ta wuce digiri 51. Da na juya lemon a matsayin watan Yuni, ɗigon Croydon ya daɗe cikin haske, ya ɗan leƙa duhu ya fito. Ɗigon Kano kuwa rabi haske, rabi duhu, ko ta ina na tsaya a ɗakin.

Ga lissafin ga masu son lamba. A Croydon, yini mafi tsawo, wajen 21 ga Yuni, ya haura awa 16 da rabi. Mafi gajarta, wajen 21 ga Disamba, bai cika awa 8 ba: rana ta fito bayan takwas na safe, ta faɗi kafin huɗu na yamma. A Kano kuwa yini ba ya kai awa 13, ba ya kuma sauka ƙasa da awa 11. Duk shekara magaribar Kano tsakanin wajen shida da bakwai take kai komo. Shi ya sa iyayenmu suke iya cewa "mu haɗu bayan magariba" kowa ya gane. Ka faɗi haka a nan, sai an tambaye ka wane wata.

Akwai kuskuren da ni ma na daɗe ina yi, na ɗauka lokacin zafi duniya ce ke matsawa kusa da rana. Ba haka ba ne. A farkon Janairu, lokacin da muke karkarwa a tashar East Croydon, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147. A farkon Yuli ta fi nisa, miliyan 152. Abin da ke kawo zafi shi ne tsawon yini da kuma yadda hasken ke sauka. Haska tocila a tsaye kan tabarma, ka ga hasken ya taru wuri guda. Karkata ta, ka ga ya bazu ya yi rauni. Ranar Croydon da tsakar rana a Disamba digiri 15 kacal take tashi daga ƙasa, ko doguwar bishiya tana iya tare ta. Ranar Kano a wannan Disambar tana kai wajen digiri 55, kusan daidai da iyakar abin da tamu ke iya yi a Yuni, wato 62. A taƙaice, hunturun Kano ya kusa kamo tsakiyar zafinmu. A Kano ma sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, rana kan tsaya a tsakiyar ka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. A Ingila hakan ba ta taɓa faruwa. Kullum ranarmu ta kudu take bi, shi ya sa dillalan gidaje suke ƙara kuɗi idan lambun gida yana kallon kudu.

Duk wanda ya fara azumi a nan a 2015 ko 2016 ya san wannan karkacewa a cikinsa, ko da bai san sunanta ba. Ni a lokacin na fara, kusan awa 19 muke yi, 'yan uwanmu a Kano suna yin wajen 14 suna kuma yi mana waya suna cewa sun gaji. Akwai ma abin da ya fi haka rikitarwa. Daga ƙarshen Mayu zuwa wajen ƙarshen Yuli, a Landan rana ba ta nutsawa can ƙasa sosai ko da tsakar dare. Hasken shafaƙi bai gama ɓacewa ba na alfijir ya riske shi. Wannan ne dalilin da za ka ɗauki jadawalin salla na masallatai biyu a London Road ko Norbury ka ga lokacin isha'i da asuba sun sha bamban. Ba wai wani ya fi wani tsoron Allah ba ne. Alamar da ake dubawa ce ba ta bayyana yadda take bayyana a Makka ko Kano, dole malamai su ƙaddara, kuma hanyoyin ƙaddarawar sun fi ɗaya. Da na san haka tun ina yaro, da na rage wa kaina gardama da abokai. Albishir dai ga masu raki: shekarar wata kwana 354 ce, azumi yana ja baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, kuma a 2030 sau biyu zai zo, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Ranar nan mu ne za mu riƙa yi wa Kano waya.

Ina cikin jin kaina, na ce bari in ƙara wa Hajiya da wani abu. Na ce wannan karkacewar da ta hana ranar Croydon faɗuwa, ita ce dai ke kawo damina a Kano. Nan ta gyara zama, don zancen ya zo gonarta.

Abin haka yake. Iska biyu ke kokawa a kan Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce daga Sahara, ta arewa maso gabas. Ɗaya mai laima ce daga teku, ta kudu maso yamma, wajen Legas. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar nan rana take bi. Idan kan lemon ya sunkuya wajen rana, ƙasar Sahel da Sahara ta ɗau zafi, iska mai zafi ta tashi sama, sai ta teku ta kutso ta cike gurbin. Tana isa Kano wajen Mayu, ruwa ya kankama a Yuli, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a Agusta, ya janye a Oktoba. Shi ya sa Afrilu ya fi Yuni zafi a Kano: a bazara rana ta hau ka amma gajimare bai iso ba. Idan kuma rana ta koma kudu, iskar hamada ta karɓe fili, hunturu ke nan, da hazo da fason ƙafa da man kaɗe.

Hajiya ta ce, "Tsaya, maigida. Ka ce ruwa daga kudu yake zuwa. To ni shekarata saba'in da wani abu, ban taɓa ganin hadarin kirki ya taso daga kudu ba. Daga gabas yake haɗowa."

Jama'a, nan lemo ya ƙare. Ban san amsa ba. Sai da na je ɗakin karatu na bincika, na tarar ita ce da gaskiya, ni ma kuma ban yi ƙarya ba. Laimar daga teku take shigowa, ta ƙasa ƙasa. Amma a sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin idan ya haɗu. Hadarin da ya zubar a Maiduguri yana iya wucewa ta Kano ya nufi Sakkwato da Yamai. Wasu daga cikin irin waɗannan guguwowi suna ficewa ta gaɓar Senegal su faɗa Tekun Atlantika, a can su girma su zama mahaukaciyar guguwar da muke gani a talabijin tana ɗaiɗaita tsibiran Karibiyan da Amurka. Ni littafi ya ba ni rabi, ita tsakar gida ta ba ta ɗaya rabin.

Bari in jefa muku wata da za ku ci gardama da ita a makaranta. Landan da ake yi wa kirari da ruwa, abin da ke sauka a Heathrow a shekara bai wuce milimita 600 da 'yan kai ba. Kano a yawancin shekaru ta fi haka. Bambancin shi ne namu yayyafi ne da ake raba shi wata goma sha biyu, nasu kuwa cikin wata huɗu zuwa biyar ake juye shi, Agusta kaɗai yakan haura milimita 200. Mu idan ruwa ya yi jinkiri, ciyawar Lloyd Park ce ke bushewa, a hana mutane ban ruwan fulawa da tiyo. Can kuwa idan iyakar nan ta iska ta gaza hawa arewa yadda ta saba, hatsi ne ke mutuwa a gona. Haka aka yi a 1913 zuwa 1914, yunwar da ake kira Kakalaba. Haka aka yi a farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985. Hajiya ta ga biyun ƙarshen da idonta. Da na ambaci shekarun ba ta ce komai ba, ta dai ja carbinta. Ni kuma na ji nauyin yadda nake ta wasa da lemo.

Hazon ma da nake cewa, ba baƙonmu ba ne a nan. Kaso mai yawa na ƙurar hunturun ƙasar Hausa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, tsohon gindin Tafkin Chadi ne tun zamanin da tafkin yake kamar teku. Ƙurar Sahara tana tsallaka Atlantika har dajin Amazon, wani lokaci kuma iska ta juyo da ita Turai. Wa ya tuna 16 ga Oktoba 2017, ranar da guguwar Ophelia ta jawo ƙurar hamada da hayaƙin gobarar dajin Fotugal da Sifaniya, sama ta koma ruwan ɗorawa, rana ta yi ja wur da tsakar rana? Muna aji, yara suna ta cewa tashin duniya ne. Da na dawo gida mahaifiyata ko a jikinta, ta ce, "Hazo ne ya biyo mu." A Maris ɗin 2022 ma motocin unguwarmu duk sun kwana da jar ƙasa.

Daga nan karatu ya juya, ni na koma ɗalibi. Hajiya ta tambaye ni ina kaza. Na ce tana firji. Ta yi salati. Ashe taurari take nufi, wani ɗan cincirindo da Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta, Larabawa su ce Surayya, Turawa kuma 'yan mata bakwai. Ta ce a ƙauyen mahaifinta idan kaza ta fara faɗawa yamma da wuri bayan magariba har ta ɓace, to a kama sharar gona, damina ta kusa. Na duba, lissafinta daidai: a watan Mayu taurarin nan suna bayan rana, ba a ganinsu, sai daga baya su ɓullo ta gabas da asuba. Ta kira mini Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Na ce mata ai abu ɗaya ne, ba ma tauraro ba ne, wata duniya ce maƙwabciyarmu da Turawa ke kira Venus, wani lokaci ta biyo bayan rana, wani lokaci ta riga ta. Ta ce ba ta yarda ba, kuma har yau ba mu shirya a kan wannan ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin manoma. Tunda watannin Musulunci suna yawo cikin shekara, ba a iya shuka da su. Sai malamai suka riƙe wani lissafin na taurari 28, masaukan wata, kowanne kwana 13, ɗaya kawai ke da 14. Ku buga a waya ku gani: 365. Wato kalandar rana ce cikakkiya, a hannun malamin zaure. Hajiya tana iya jero wasu daga cikin na damina, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kamar yadda nake jero tashoshin taragon Wimbledon zuwa New Addington. Kuma ba jiya aka fara ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, masanin lissafi da taurari, ya yi rubutu a kan lissafi da Larabci, ya koyar a Alƙahira, a can ya rasu a 1741. Na yi shekara goma sha uku a makarantun Ingila, an kai mu Greenwich har sau biyu mun raba ƙafa a kan layin da aka amince da shi a 1884 a matsayin mafarin auna gabas da yamma, ba wanda ya taɓa gaya mini sunan mutumin nan. Ban ga laifin malamanmu ba. A gida ma ban taɓa tambaya ba.

Hajiya ta koma a ƙarshen Agusta, ta ce ba za ta tsaya ta ga ranar da ke faɗuwa kafin la'asar ta yi sanyi ba. Duk zamanta ba ta ga kaza ba, ga hasken fitilun Landan, ga dare ɗan ƙanƙani. Ta dai ga tauraron arewa, wanda tsinken lemon nan yake nunawa, ta yi mamakin yadda ya hau sama haka. A Kano yana can ƙasa kusa da rufin gidaje, digiri 12. A nan ya wuce 51. Duk inda kake a arewacin duniya, tsayinsa shi ne nisanka daga tsakiyar lemon.

Ga wanda yake son gwadawa, ba sai ya sayi komai ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a daren da babu gajimare, ku hau jirgin ƙasa zuwa Coulsdon South ku taka zuwa Farthing Downs, ko ku leƙa Kenley inda ƙungiyar masu kallon taurari ta Croydon take da ɗakin hange. Ku sa rigar sanyi biyu, ku kashe waya na minti ashirin ido ya saba da duhu. Da farkon dare a Nuwamba ku dubi gabas, za ku ga ɗan gungu kamar an watsa gero.

Ni na je a ƙarshen Nuwamban shekarar. Ƙarfe takwas a nan, tara a Kano, don tun ƙarshen Oktoba mun mayar da agogo baya. Na kira ta a WhatsApp, hannuna yana rawa don sanyi. Na ce, "Hajiya, fito tsakar gida, ga kaza ina kallo." Na ji ƙarar takalminta, na ji tana ce wa wani ya kawar mata da bokiti. An ɗauke musu wuta, ta ce, sama tas, hazo bai sauko ba tukuna.

"Na gan ta," in ji ta. "'Ya'ya nawa ka ƙirga?"

Na ce biyar.

"Shida ne. Da tabarau ɗinka da komai. Wuce gida kada mura ta kama ka, maigida, ba ni da kuɗin jinya."

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.